Ciyawar daji, masara da abin da tudu ke yi wa gado

Wani ɗalibin aikin gona ya turo tambaya kamar haka: "Malam barka da aiki. A aji an ce mana ciyayin daji da ke kan duwatsu suna barbara da junansu har da amfanin gona, kuma wai tsayin wuri yana canza jinom ɗinsu. Abin bai shige ni ba. Ta yaya tsayin dutse zai taɓa gadon ciyawa? Kuma in sun yi auren ba rabi da rabi ake samu ba shikenan?"

Toh ɗan uwa barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka biyu ce a haɗe kuma ta biyun ta fi tsoka, amma bari in fara da ta farkon don ita ce ke rikita ɗalibai. Tsayin dutse ba ya sa hannu cikin DNA ɗin ciyawa ya sake rubuta shi. Aikinsa kisa ne da hana haihuwa. Duk mita 1,000 da ka hau zafin iska na sauka da wajen digiri 6 zuwa 6 da rabi, lokacin da tsiro ke da shi na girma yana gajarcewa, rana na ƙara kaifi, dare na ƙara sanyi, to duk tsiron da gadonsa bai dace da wannan yanayin ba ko dai ya mutu tun yana ƙarami ko sanyi ya riske shi bai kai ga nuna ba, wanda ya dace kuma shi ne zai zubar da 'ya'ya su fito baɗi. Ka bar abin nan ya yi ta maimaituwa shekara dubu bayan dubu, sai ka zo da na'ura ka auna ka tarar jinom ɗin na sama, wato jimillar DNA ɗin da ya gada, ya sha bamban da na gindin dutse.

Misalin da zan ɗauka na ƙasar Meksiko ne, don a nan aka fi tona wannan magana, kuma abin ya shafi masarar da muke gasawa a bakin titi. Masara asalinta wata ciyawar daji ce da ake kira tiyosinte. In ka gan ta tana ƙarama za ka rantse masara ce, sai ta girma ka ga ta yi rassa barkatai, kowane reshe da 'yan ƙananan goyo, kuma goyon nata abin dariya ne, tsaba 5 zuwa 12 ne kacal a jere babu totuwa, kowace tsaba tana kulle cikin wani ɓawo mai tauri da sheƙi wanda haƙori ba ya fasawa da daɗi, in ta nuna kuma sai jeren ya ɓalle ɗaya bayan ɗaya ya zube ƙasa. Amma kuromosom ɗinta, wato zaren DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, 20 ne daidai da na masara, kuma in ka haɗa su aure suna haihuwa, 'ya'yan ma su haihu. Binciken da ƙungiyar John Doebley ta fitar a 2002 ya nuna wajen shekaru 9,000 da suka wuce aka fara mayar da ita abin nomawa a kwarin kogin Balsas da ke kudu maso yammacin Meksiko, daga baya kuma a 2009 masu tonon tarihi suka ba da rahoton burbushin masara a jikin duwatsun niƙa a wani kogo mai suna Xihuatoxtla a jihar Guerrero, mai shekaru wajen 8,700. Ka riƙe wannan: kwarin Balsas gangare ne mai zafi.

Yanzu maganar rabi da rabi. Gaskiya ne amma a 'ya'yan fari kaɗai. George Beadle, wanda ya ci kyautar Nobel a 1958, bayan ya yi ritaya ya koma kan wannan ciyawa a shekarun 1970, ya haɗa masara da tiyosinte, ya bar 'ya'yan suka yi barbara, ya shuka jikoki wajen 50,000. Jikokin nan ba su tsaya a tsakiya ba, sun watse ta ko'ina, har wajen ɗaya cikin 500 ya fito da goyo irin na tiyosinte sak, wani ɗaya cikin 500 kuma irin na masara. Daga wannan lissafin ya ce ƙwayoyin gado huɗu ko biyar ne ke riƙe da manyan bambance-bambancen, kuma daga baya aka gano wasunsu da suna, irin su tb1 mai hana rassa da tga1 mai kula da ɓawon nan mai tauri. Dalilin watsewar shi ne duk lokacin da tsiro zai yi garin fure da ƙwai, kuromosom ɗin da ya gada wajen uwa da wanda ya gada wajen uba suna jeruwa su yi musayar gutsattsari, saboda haka kowane jika da irin haɗin da ya samu. Sannan ka tuna ɗan ruwa biyun nan a tsakiyar gonar masara yake tsaye, garin furen da iska ke kawo masa kusan duk na masara ne, to in ka bi zuriya ɗaya za ka ga rabon ciyawar na raguwa, kashi 50, sai 25, sai 12 da rabi, kafin a kai zuriya ta goma bai fi ɗaya cikin dubu ba. Don haka in ka zo bayan dubban shekaru ka tarar da wani gutsuren gadon ciyawa yana nan daram a cikin kusan kowace masarar wani yanki, to akwai abin da ya riƙe shi, kuma a labarinmu tudu ne ya riƙe.

Tiyosinte iri-iri ce amma biyu ne suka shafe mu. Akwai ta gangare, sunanta na kimiyya parviglumis, ita ce uwar masara, tana zaune a wurare masu ɗumi galibi ƙasa da mita 1,800. Akwai ta tudu, mexicana, tana zaune daga wajen mita 1,600 har 2,700 a tsaunukan tsakiyar Meksiko. Don ka kwatanta, Jos wajen mita 1,200 take, birnin Meksiko 2,240, Toluca kuma ta haura 2,600, ta ma fi ƙololuwar Chappal Waddi da ke Taraba wadda ita ce mafi tsayi a Najeriya da mita 2,419. Waɗannan 'yan uwa biyu sun rabu shekaru dubu talatin ko fiye da haka, tun kafin wani ɗan Adam ya yi tunanin noma, wato ta tudun ta daɗe tana shan sanyi tana gyaruwa. In ka riƙe karan mexicana a hannu abu biyu za ka fara lura da su. Rigar ganyen da ta naɗe karan ja ce wur har tana komawa shunayya, kuma cike take da gashi mai laushi tsaye-tsaye, ta gangaren kuwa koriya ce sumul. Masana sun fi karkata ga cewa duhun launin yana taimaka wa tsiron ya sha zafin rana da safe, gashin kuma yana riƙe ɗan ɗumin a jikin kara. A tsakanin mazaunin biyun, can tsaka-tsakin hawa, akwai wuraren da suke haɗuwa ka samu ciyawa mai gadon duka biyu.

Ita masara fa 'yar zafi ce, tana cikin rukunin ciyayin da ake ce wa C4, su gero da dawa da rake, waɗanda injin sarrafa hasken ranarsu ya fi aiki a zafi, saɓanin alkama da sha'ir da suke C3, shi yasa ma sai da hunturu ake noman alkama a Kadawa. Wani aiki da aka yi a Kenya a 1979 ya nuna haka ƙarara a ciyayin daji, a ƙasa kusan duk C4 ne, tsakanin mita 2,000 da 3,000 sai a fara canji, sama da 3,000 kusan duk C3. To manoman da suka ɗauki masara daga kwarin Balsas suka hau da ita tudu sun kai ta inda jinsinta ba ya jin daɗi. Kuma ba ta ɓata lokaci ba wajen hawan, don a kogon Guilá Naquitz da ke tudun Oaxaca an samu totuwar masara mai shekaru wajen 6,250. A can sama ta tarar da mexicana tana tsirowa a gefen gona har da cikin gona.

Je ka duba masarar gargajiya ta tudun Meksiko yau, irin su Cónico da Chalqueño da Palomero Toluqueño, za ka ga kara ja mai gashi irin na ciyawar. An daɗe ana musu ko kama ce kawai don wuri ɗaya suke zaune ko kuwa gado ne. Da aka samu damar karanta DNA da yawa, aikin Matthew Hufford da Jeffrey Ross-Ibarra na 2013 ya nuna gado ne, wajen kashi 20 cikin 100 na jinom ɗin masarar tudun daga mexicana ya fito, kuma tafiyar ta fi yawa daga ciyawa zuwa masara. A 2021 Erin Calfee da abokan aikinta suka bi gonaki a tsayi daban-daban suka ga rabon mexicana a cikin masara yana hawa ne yadda ƙasa ke hawa. Wannan shi ne ainihin amsar tambayarka. Aure yana zubo gari ne da tsaki da dusa a haɗe, tudu da manomi su ne rariya, kuma idon rariyar a mita 1,500 daban yake da na mita 2,600. Abin da ke kawo jure sanyi da saurin fure ya wuce, abin da ke kawo ɓawo mai tauri da zubewar tsaba kuma manomi da kansa ya jefar da shi ranar zaɓen iri, don ba wanda zai ajiye goyon da ke karya haƙori. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne, ciyawar da ta gaji halin masara na riƙe tsaba a jikin totuwa ta kashe kanta, don 'ya'yanta ba za su watsu ba. Shi yasa wuraren jinom da ke riƙe da halayen noma suka fi ko'ina tsabta daga gaurayar, alhali wasu wuraren sun cika da ita.

Wani gutsure da ni a ganina ya fi komai daɗin bayani shi ne wanda ake kira Inv4m. A kan kuromosom na huɗu akwai wani yanki mai tsawon harufan DNA wajen miliyan 13 da ya taɓa ɓallewa ya juya ya sake mannewa kai a ƙasa, tun a cikin mexicana. Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Ka tuna musayar gutsattsarin da na faɗa, to in tsiro ya gaji juyayyen yanki daga ɗaya iyayen da miƙaƙƙe daga ɗayan, musaya a cikin wannan yankin ba ta haifar da ƙwai mai kyau, saboda haka duk ƙwayoyin gadon da ke ciki suna tafiya ne a dunƙule zuriya bayan zuriya ba a raba su. In a cikin dunƙulen akwai abubuwa da dama masu amfani a sanyi, to masara ta karɓe su a tashi ɗaya ke nan, ba sai ta jira kowanne ya samu shi kaɗai ba. Kuma yadda yake rabe a ƙasa abin kallo ne, a gangare da ƙyar ka same shi, a saman tudun tsakiyar Meksiko kuma kusan kowace masarar gargajiya na ɗauke da shi. Gwaje-gwajen gona sun nuna a tudu yana tafiya da saurin fure da ƙarin amfani, a gangare kuma ya koma nauyi. Irin wannan juyayyen yanki ba shi kaɗai ba ne, a kuromosom na ɗaya na tiyosinte akwai wani wanda ya fi shi girma nesa, wajen miliyan 50, shi ma yawansa na canzawa da tsayin wuri.

Akwai kuma ƙwayar gado guda da aka bi diddiginta har gida, HPC1, aikin ƙungiyar Rubén Rellán-Álvarez da ya fito a 2022. Tana kula da wani nau'in kitse da ke cikin fatar ƙwayoyin tsiro. Samfurin da masarar tudu ke ɗauke da shi daga mexicana ya zo, kuma shi rauni gare shi, ba ya aiki sosai kamar na gangare, amma raunin ne ya sa wani kitsen ke taruwa wanda ke da alaƙa da saurin fure, to a wurin sanyi mai wannan samfurin ya fi yi. Kaga a nan "lalacewar" ƙwayar gado ita ce riba, ya danganta da inda aka shuka. Ga kuma matsalar ƙasa, tudun nan na duwatsu masu aman wuta ne, ƙasarsu tana kama sinadarin fosfaras, wanda muke zuba wa gona a takin supa, ta riƙe shi gam tsiro bai samu ba, to wannan ma wani matsin ne da ke tafiya tare da tsayi, ba sanyi kaɗai ba.

Za ka ce to in suna aure haka me ya hana su narke su zama abu ɗaya? Akwai shinge. Lokacin furensu ba kullum yake haɗuwa ba, sannan wasu mexicana suna ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna Tcb1 wadda ke sa gemun goyonsu ya ƙi garin furen masara, ya sauka ya fara tsiro amma ya maƙale a hanya bai kai ga ƙwai ba. Masarar gugguru ma da yawanta tana da makamancin wannan, Ga1. Don haka 'yan ruwa biyu a gona kaɗan ne a kowace shekara, kaɗan ɗin ne ke taruwa. A yankin Chalco kusa da birnin Meksiko ciyawar ta yi kama da masara har manomi ba ya iya bambance su lokacin noma sai sun yi fure, lokacin kuma aikin gama ya gama.

Sai girman jinom, wanda ina jin shi malaminku yake nufi da ya ce tsayi na canza jinom. Jinom ɗin masara babba ne, wanda aka kammala karantawa a 2009 na wani layin masara da ake kira B73 harufa wajen biliyan 2.3 ne, kuma kusan kashi 85 cikin 100 nasa maimaici ne na ƙwayoyin gado masu tsalle, waɗanda Barbara McClintock ta gano a masara ta ci Nobel a 1983. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne girman ba ɗaya ba ne daga masara zuwa masara. A shekarar 2009 ɗin dai masana a Meksiko suka karanta na Palomero Toluqueño, 'yar tudu, suka tarar ya gaza na B73 da wajen kashi 22. A 2018 Paul Bilinski da abokansa suka auna masarar gargajiya a tsayi daban-daban a Meksiko da kuma Kudancin Amurka, da tiyosinte ita ma, abu ɗaya suka yi ta gani, ana hawa jinom na ƙanƙancewa. Babban abin da ke raguwa shi ne wasu dunƙulallun maimaici da ake gani a madubin ƙara girma kamar ƙulli a jikin kuromosom. Bayanin da suka bayar mai ma'ana ne, kowace ƙwayar tsiro sai ta kwafe DNA ɗinta kaf kafin ta rabu biyu, mai kaya da yawa yana daɗewa, a sanyi kuma komai na tafiya a hankali, to mai ƙaramin jinom yana saurin yin sabbin ƙwayoyi ya riga sanyin ƙarshen shekara yin fure. A gwajin da suka yi da tsiron mexicana sun ga masu ƙaramin jinom sun fi saurin samar da ƙwayoyi a ganye. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin hujja mai kyau amma ba ita ce ƙarshen magana ba, don saurin fure abubuwa da yawa ke juya shi.

Ƙullin nan ma da nasu wayon. Tun 1942 Marcus Rhoades ya gano wani samfurin kuromosom na goma wanda in yana nan, ƙullin suna yin rinto lokacin rabon gado, maimakon su shiga rabin ƙwai kamar kowa sai su shiga kashi 70 ko fiye. Wato akwai abin da ke tura jinom ya kumbura ba don amfanin tsiron ba, a gangare tsiron na iya ɗaukar nauyin, a tudu kuma sanyi ya ce bai yarda ba.

Tsaunukan Andes sun ba da wani darasi, can ma masara ta hau har sama da mita 3,000 amma babu tiyosinte a wurin ko ɗaya, kuma da aka kwatanta sai aka ga yawancin canjin da masarar Andes ta yi daban yake da na Meksiko, matsala iri ɗaya hanyar fita daban. An daɗe ana ɗauka gadon mexicana na masarar tudun Meksiko da maƙwabta ne kawai, sai a ƙarshen 2023 wani babban aiki ya fito a mujallar Science, haɗin gwiwar jami'ar aikin gona ta Huazhong a Sin da jami'ar Kalifoniya ta Davis, suka duba jinom sama da 1,000 har da na tsofaffin totuwa da aka tono, suka ce duk masarar da ake nomawa yau a duniya tana ɗauke da kashi 15 zuwa 25 na mexicana. Wadda suka samu babu shi wata tsohuwa ce daga gaɓar Peru mai shekaru wajen 5,500. Fassararsu ita ce masara ta bazu sau biyu, ta farko tsantsar 'yar gangare, sannan wajen shekaru 6,000 da suka wuce aka yi auren tudu, 'ya'yan auren suka sake bazuwa suka mamaye ko suka gauraye da na farkon. Yadda ake gane shekarun ma daga tsawon gutsattsarin ne, sabon aure gutsurensa dogo ne, tsoho kuma musaya ta yayyanka shi ƙanana. Ma'ana masarar Saminaka da ta Funtuwa ma akwai jinin ciyawar tudun Meksiko a jikinta, duk da ba ta taɓa ganin sanyin Toluca ba, kuma cikin abin da ta gada har da ƙwayar gado mai alaƙa da yadda tsiro ke auna tsawon yini.

Kada kuma ka ɗauka kullum alheri ne. Tiyosinte ta ɓulla a matsayin muguwar ciyawa a gonakin masara a Faransa da Sifaniya, kuma binciken 2020 ya nuna ta Faransar asalinta mexicana ce, ta yi aure da masarar Turai ta karɓo saurin fure har ma da halin jure wani maganin feshi na kashe ciyawa, halin da aka sa wa masarar. Hanyar da ta kai alheri gona ita ce ta kai makami daji.

Akwai wani nau'in canjin jinom da ban taɓo ba, ninkin kuromosom, kuma ciyayi sun ƙware a kansa. Wani lokaci iri biyu masu nisa suna aure ɗan ya fito bakarare, sai kuromosom ɗinsa su ninku ya dawo yana haihuwa ya zama sabon iri. Tamba da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna haka take, kuromosom 36, asalinta tudun gabashin Afirka, kuma ɗaya daga cikin iyayenta na asali tuji ne, ciyawar nan mai taurin cirewa. Alkamar burodi ma iyaye uku gare ta. A dangin tiyosinte akwai Zea perennis mai kuromosom 40, da 'yar uwarta Zea diploperennis mai 20 wadda wani ɗalibin jami'ar Guadalajara, Rafael Guzmán, ya gano a tsaunin Manantlán na jihar Jalisco a ƙarshen shekarun 1970, har aka mayar da wurin gandun da aka kare a 1987. Wannan ta biyun ta iso mu kai tsaye, don masana a IITA, cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan, sun haɗa ta da masara suka yi ta mayar da 'ya'yan kan masara har suka fitar da layuka masu jure wuta-wuta, ƙudujin nan da ke cinye gona a arewa. Abin da tudu ya yi a dubban shekaru shi suka yi da gangan a 'yan shekaru.

In kana son ganin irin wannan aure da idonka ba sai ka je Meksiko ba, shibra ce. Gero na da ɗan uwansa na daji a bakin Sahara har da yankin tsaunukan Ayar a Nijar, suna barbara, kuma shibra da ke fitowa a gonar gero tana ɗauke da halayen biyu, ƙaramar zangarniya mai gashi, saurin nuna, tsaba na kakkaɓewa da kanta. Manomi na cire ta in ya gane ta, amma a shekarar yunwa ita ake fara ci kafin gero ya nuna. Bambancin kawai a Sahel ruwan sama ne ke yin zaɓen da tsayi ke yi a Meksiko, kana yin arewa damina na gajarcewa.

In kuma furojet kake tunani a kan wannan, misali ciyawa ɗaya daga gindin Mambila zuwa samanta, ga tarkon da za ka kiyaye. Ganin na sama gajere mai gashi na ƙasa dogo sumul bai isa hujjar cewa gadonsu ya bambanta ba, don tsiro ɗaya ma na iya canza kama in ka canza masa wuri. Ka tattaro iri daga tsayi uku ko huɗu, daga tsirrai da yawa a kowane wuri ba guda ɗaya ba, ka rubuta tsayin da GPS, ka shuka su duka a fili ɗaya lokaci ɗaya, in da hali fili biyu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka ƙirga kwanakin da kowanne ya ɗauka kafin fure da yawan tsabar da ya yi. Bambancin da ya rage bayan sun sha ruwa ɗaya da rana ɗaya shi ne na gado, kuma shi ne ya cancanci ka kashe kuɗin gwajin DNA a kansa.